Ɗacin Kabeji

A bakin tafkin Tabalak
Arzika ya juya ganyen kabeji,
ya tarar da koriyar tsutsa tana kalaci.
Ya tsinki ragowar, ya tauna,
yaji ya hau masa hanci.

Ɗiyarsa Tsahara, ɗalibar tsirrai, ta ce:
"Baba, makami ne.
Ɗaki biyu ganyen ke ɓoye shi,
sai haƙori ya rushe bangon
su haɗu su zama dafi.
Tun ba a haƙa rijiya a Adar ba
ake gwabzawa:
ganye ya ƙara ɗaci,
tsutsa ta sake ciki,
ganye ya sake dabara."

Ya ɗaga tsutsar bisa farce.
"Ashe baƙo nake a faɗan nan."
Ya jefa wa zabuwa,
ya koma ban-ruwa.