Shafin Ƙarshe

Ni dai a ba ni littafin da ake ɓarna a cikinsa
amma shayi bai huce ba,
inda mai laifi ke cewa sannu da aiki
kafin a kama shi,
mai binciken kuma dattijuwa ce mai ciwon gwiwa,
kyanwarta kwance kan rajista
kamar ita ke biyan haya.

Irinsu goma sha bakwai ne a laburaren Kakuri,
kanta ta uku, jikin tagar da ba ta rufuwa.
Na karance su tas.
Sai bana da damina
abin da ke cikin takarda ya fito ya zauna da mu:
wani na yanke shafin ƙarshe.

Da reza, a miƙe sak,
yankan wanda hannunsa ya san awo.

Malama Tabawa ta gyara tabarau,
ta kira Tawada, baƙa wuluk,
mai ɗigon fari ɗaya a haɓa
kamar ta saci nono ta manta shafe baki.
"Ke kika kwana nan. Me kika gani?"
Tawada ta yi hamma.
Shaidar ke nan.

Aka ce gara. Gara ba ta da reza.
Aka ce ɗalibai. Su ko shafin farko ba su gama ba.
Ni ma an dube ni,
har na ji kunyar laifin da ban yi ba.
Maigadi Bitrus ya ce aljanu ne.
Malama ta ce aljanin da ke cika katin aro
da jan biro, a gaishe shi.

Ran Laraba aka ɗauke wuta, ruwa ya tsuge.
Baba Shekari ya shigo da lema mai karyayyen haƙarƙari,
shi da ya yi shekara ashirin da shida yana yankan yadi
kafin injinan masaƙa su yi shiru.
Tawada, wadda ba ta kula kowa,
ta diro, ta bi ƙamshin busasshen kifi
har cikin aljihunsa,
ta fito da takarda a baki.
Shafi na ɗari biyu da huɗu.

Ba ka jin komai
sai yoyon rufi na ɗiga a bokiti.

Ya nemi benci. Ya ce,
"Idon Kande ya tafi bara.
Bayan tuwon dare nake karanta mata.
Ba ta da haƙuri, tun muna yara haka take,
da na juya baya sai ta miƙa wa jikanmu,
karanto min ƙarshen.
In ta sani, barci take yi da wuri,
ta bar ni ni da daren.
In ba ta sani ba, muna nan har ƙarfe ɗaya
tana kama ɓarayi da baki.
Sau sha ɗaya ta canka daidai.
Sauran shidan, nata ya fi na marubucin."

Ya zaro leda. Duk suna ciki,
an goge su da dutsen guga.

Malama ta daɗe tana share tabarau
da ba su yi datti ba.
Hukunci: kwalbar gam ɗaya,
kifi biyu ga mai bincike,
kuma ran Asabar ya zo da Kande.

Yanzu duk Asabar muna cika benci.
A karanta, a karanta, har saura shafi ɗaya,
sai a tsaya.
Kande ta karkata kai, ta ce, "Mai kantin magani ne.
Wa ke wanke hannu sau biyu in ba shi da komai?"
Mu so mu duba,
amma Tawada ta riga ta kwanta a kan shafin,
kuma babu mai zuciyar tashin ta.