Ganima Arba'in

Wata bakwai ina ƙera runduna
a ɗakin soro, bayan tsohuwar ganuwa,
inda duwatsun Birni ke ajiye zafin rana
su biya shi da dare kamar bashi.
Wuta ta zo, in zana.
Ta ɗauke, in yi tunani.

Na rantse ƙarya ko ta tsinin allura ba za ta shiga ba.
Wasannin da na girma a kansu
sun ɗaura wa kakannina ganye,
sun miƙa musu mashi ɗaya da ihu.
Ni kuwa sai da na auna:
kibiya nawa kwari ke ci,
taku nawa take yi kafin ta sunkuya,
garkuwar fata sara nawa take sha.
Lifidi in ya jiƙe ya zama gunguma,
na rage wa mai shi sauri.

Na je maƙera wajen tsoho Kalla.
Ya ce igwa tsawa gare ta, ba saiti,
wata rana ma mai ɗura ta take fara ci.
Na koma na rubuta wa na'ura:
sau ɗaya cikin goma, ta fashe a gida.

Damina kuwa na kulle yaƙi.
Wa zai bar gero yana bununi
ya tafi neman mutuwa?
Abokan da ke gwada wasan suka yi ca:
"Wata huɗu muna kallon shuka?"
Na ce ku jira kaka, su ma sun jira.

Ran nan Iya Cima ta hau da kwanon dambu,
tana ƙirga matakala da gwiwa.
Ta leƙa. "Waɗanne tururuwa ne?"
"Dakaru ne, Iya. Dubu biyu."
"Ina rijiyarsu?"
Ban da amsa.
"Wa ke daka musu? Ko iska suke ci?"

Mako uku na yi ina zana jakuna,
salkuna masu yoyo, turame, guga,
da matan da ƙurar tarihi ba ta ko tambaya ba.
Runduna ta yi nauyi, ta yi jinkiri,
ta fara kama da gaskiya.

Sai na kira ta ta ga nasara.
Na kewaye gari, na tare mashaya,
'yan baka a dama, igwa a tudu.
Ganuwar ƙaya ta kama wuta.
Allo ya yi kore, ya buga tambari:
shanu ɗari, hatsi rumbu tara,
ganima arba'in.

"Arba'in ɗin me?"

Fanka na juyi. Ƙasa, wani mai babur na kiran fasinja.

"Mutane, Iya."

Ta ɗora yatsa mai lalle a kan lambar,
kamar mai taɓa goshin zazzaɓi.
"Kakata na ciki.
Da tulu a ka aka kamo ta,
daga wani gari a kudu
da ba ta ƙara furta sunansa ba.
Tsagen fuskarta ba irin namu ba ne.
Sunanta ya faɗi a hanya,
a nan aka sa mata Alheri."

Ta ɗauki kwanonta ta sauka.
Na ji tana ƙirga matakala.

Na san nauyin sulke har zobe,
na san kwana nawa doki ke jure ƙishirwa.
Daren nan na goge lambar,
na buɗe gurbi arba'in domin suna.
Ɗaya kawai nake da shi,
shi ma ba nata ba.

Ɗan layin nan na ƙiftawa, yana jira.
Wuta ta ɗauke.
Cikin baƙin gilashi fuskata ce,
ina dubanta, kunci da goshi,
ina neman garin.