Layi Ashirin

Ranar Talata Malama Villaruel ta raba mana takarda.
Fanka na kukan tsufa a saman aji,
ruwan Iloilo na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Layi ashirin, kowanne ya soma da "Ni ce",
sauran fili fari fat, an bar mini.

Na rubuta: ni ce 'yar Efren mai kwalekwale a Guimaras.
Ni ce jikar Pasing, da ta jinginar da gonar mangwaro
don in sa fararen kayan jinya.
Ni ce ƙanwar Rodel, da ya ajiye biro ya shiga jirgin ruwa,
yana kankare tsatsa a tekun da ban san sunansa ba.
Duk ƙarshen wata feso dubu shida na faɗowa wayata
da kalma uku: ki ci abinci.

Sai da na cika layi tara
na lura duk sunayen wasu ne.

Jessamae da ke gefena ta gama tuni.
Na saci kallo:
ni ce mai taurin kai, ni ce gwanar lissafi,
ni ce wadda za ta tafi ba waiwaye.
Bironta ko rawa bai yi ba.
Wani abu ya tokare mini wuya,
ban san ko sha'awa ba ce, ko tausayi.

A bayan takardar, jimla guda:
"Na gamsu da kaina." Zaɓi daga ɗaya zuwa biyar.
Wane kan?
Wanda ya ci tamanin da bakwai a jarrabawa,
aka manna sakamakon a bangon ɗakin kaka kusa da gicciye?
Ko wanda jini ke sa wa jiri,
ya kasa faɗa shekara biyu?

A ƙauyenmu idan gida zai ƙaura,
maza kan cicciɓi ɗakin gora ɗungurungum a kafaɗa,
su bi hanya da shi ana dariya.
Ina ƙarama na taɓa leƙowa ta taga ana tafiya da mu,
na ɗauka gidan ne ke tafiya da kansa.

Na zagaye uku. Na goge. Na sake zagaye uku.

A layi na goma, da ƙananan haruffa,
na sa: ni ce mai zana hannuwa a bayan littafin jinya.
Sauran goman na miƙa su fayau.
Malama ta duba, ba ta ce uffan ba.

Da yamma a jifni, can baya na samu wuri.
Na miƙa kuɗin mota,
ya bi hannu shida kafin ya kai ga direba,
canjina ya biyo su ya dawo cif.
Na ƙirga hannuwan, ban ƙirga canjin ba.
Na huɗun akwai tabon ƙuna a babban yatsa.
Shi zan zana daren nan,
bayan na kira kaka.