Tagogin Gidan Nomau

A Bagalam, bangon gidanmu taga uku gare shi,
amma guda ce ke shan iska.
Ta biyu an ɗura mata tubali har wuya,
an shafe da laka, gurbin ya bar tabo
kamar idon da ya mutu, fatar ba ta manta ba.
Ta uku ba a taɓa huda ta ba.
Magini ne ya zana ta da yatsa tun laka na ɗanya,
ya yi mata gira, ya ja mata sanduna huɗu,
don kada bango ya fito a karkace
ya tsorata masu wucewa kasuwa.

Muna yara mukan ƙwanƙwasa ta,
mu ce, "Salamu alaikum, masu gida!"
mu sheƙa tun ba a amsa ba.

Baffa Tsahiru ya ce lanho ne sanadi.
Wai wata shekara da gyaɗa ta yi kuɗi
wani ya dawo daga bariki da zance a baki:
an ƙirga kawuna, an ƙirga awaki,
saura tagogi, kowace da kuɗinta.
Kafin asalatu Kaka Nomau ya kwaɓa ƙasa.
Mai ƙirgar bai zo ba.
Bai zo a shekarar ba, bai zo a ta gaba ba,
zancen ya mutu tun a bakin masu shi.
Amma wanda tsoro ya sa ya toshe,
kunya ke hana shi buɗewa.

Inna Cima ta ce ba haka ba ne.
Tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba.
"Tagar nan kwari take kallo.
Can ƙasa tsohon gida yake, wanda Gulbi ya ci
da rumbu biyu da akuya a turke.
Kullum ya tashi, wurin yake fara gani.
Mutum yakan gaji da gaida abin da ba ya amsawa."

Ban san wa zan bi ba.
Dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

Bana zafi ya hana ɗiyata Raha barci,
na aro guduma wurin Ɗan Lele mai walda.
Tubalin farko ya fito da gidan zanzaro.
Na biyu ya fito da warin wata tsohuwar damina.
Bayan na biyar, cikin ƙoƙon bango,
wani ƙullin tsumma:
takardun lanho bakwai, a ninke,
gara ta cinye sunansa ta bar hatimi.
Ashe duk abin da aka ce ya biya, ya biya.

Na share baki, na leƙa.
Babu kwari, babu Gulbi, babu ko kan gawo.
Bangon siminti ne na shagon Alhaji Barmo,
taƙi biyu tsakaninmu,
injin sanyinsa na ɗigo, yana huro mana zafinsa.
Haske yakan shigo da hantsi,
siriri kamar tsinken tsintsiya,
ya ɗan zauna a kan tabarma ya fita.

Raha ba ta kula ta ba.
Ta ɗauki gawayi ta fita waje,
ta taka turmi, ta cika tagar ƙarya da zane:
ruwa, kifi mai gashin baki, akuya tana iyo.
Ta ce wannan ta fi hangen nesa.

Ran Talata ɗan meri ya zo da littafi,
kuɗin teburin da uwar Raha ke kasa tattasai.
Ya karɓa, ya yaga takarda, ya miƙa,
sai ya tsaya yana kallon bango,
yana nunawa da bakin biro: ɗaya, biyu, uku.

Ni da ban taɓa ganin Nomau ba,
na ji idona yana neman inda ƙasa take,
da inda aka ajiye tulu.

Ya mayar da biro aljihu.
Ya ce, "Wa ya zana akuyar nan?"