Labarin Da Ba A Ba Ta Ba

Ni na rubuta manhajar sito
ta ƙungiyar masu albasa a Kware.
Wata uku a shagon Modi, can Gawon Nama,
fanka na juya iskar da ta riga ta dahu.

Ban ɗora mata doka ba, labarai na ba ta.
Na ce: in manomi ya kawo buhu, a auna,
in an auna, a rubuta,
in an rubuta, saƙo ya faɗa wayarsa
tun bai gama karkaɗe rigarsa ba.
Wannan dole ne, na shafa masa ja.
In ya nemi rance a kan ajiyarsa, a duba,
wannan mai yiwuwa ne, na shafa masa shuɗi.

Labari sittin da huɗu.
Na kwance su lokaci guda
kamar awakin gida da hantsi,
kowanne ya san ƙofarsa,
ba wanda ya taka igiyar wani.
Sakatare Tukur ya cire tabarau ya mayar,
ya ce, wannan aba ta fi ni sanin aikina.

Mun taɓa yin cirko-cirko sau ɗaya.
Wani labari ya ce buhun da ke da bashi ba ya fita,
wani ya ce wanda ya fara tsiro ya fita yau.
Sai ga buhu guda mai bashi, mai tsiro.
Ta ƙame kamar jaki a bakin gada.
Na kwana na ɗinka labari na uku tsakaninsu,
ta wuce. Na yi zaton iyakar ke nan,
duk inda ta cije, in ƙara mata labari.

Ran wata Talata Baba Yalli ya zo,
buhu bakwai a bayan a-kori-kura.
Aka auna shida. Ya dafa na bakwai.
Wanga ba nau ba na, in ji shi,
na ƙanena na, wanda yar rasu bara.
Ka rubuta ma marayunai,
amma kar su sani, kar uwassu ta sani,
kar ni ma a tuna mini.

Na dubi allon.
Tana son suna. Tana son lambar waya.
In an rubuta, saƙo ya tafi,
ni da hannuna na shafa masa ja.

Zan iya rubuta na sittin da shida,
in ce ga ajiya marar saƙo.
To amma yaya ake gaya wa abin da aka gina don tuni
ya riƙe amana, ya kuma manta mai ita?
In ta adana, ta tona shi.
In ta goge, ta ci haƙƙin maraya.

Tukur bai ce komai ba.
Ya ɗauki gawayi, ya ja zane a gefen buhun,
ya kai shi lungun da rufi ba ya yoyo.

Har yau manhajar na cewa shida,
lissafinta bai taɓa kuskure ba.
Ni kuwa duk Talata in na shiga sito
sai na ƙirga da ido,
in samu bakwai,
in yi shiru.