Baƙi da Fari, Yadda Yake

Adiza ta kawo hoton cikin ambulan mai tabon manja:
mahaifinta, Alhaji Fuseini mai goro,
tsaye gaban huhuna uku a bakin kasuwar Kumasi,
a shekarar da ba wanda ya riƙe.
Ta ce, "Ka faɗaɗa min shi kafin sadakar arba'in.
Baƙi da fari kawai, yadda yake."
Na ce gobe.
Bakina ya riga hankalina fita.

Bugun farko ya zo da layuka a fuska,
sirara, a jere, daga kunne har kunne,
sai ka ce wanzami ya yi masa tsagar dangin da ba nasa ba.
Na buga gwajin ƙofofin tawada,
tsanin toka-toka ya rasa matakai uku.
Sati biyu firinta tana barci,
tawada ta daskare mata a maƙogwaro.
Na wanke. Na sake wankewa.
Kowane wanki da sidin da yake lasa,
ina kallon ma'auni yana sauka
kamar rijiyar gidan haya.

Layuka suka tafi, kore ya yi sallama.
Rigar da na sani toka ce
ta koma gansakukar bangon kwata a Aboabo.
Na kai ta rana, koriya.
Na dawo da ita ƙarƙashin fitila, ta yi shunayya.
Hawainiya a kan takarda!
Ashe injin bai yarda da baƙi shi kaɗai ba:
yana satar ɗan shuɗi, ɗan ja, ɗan rawaya,
ya cuɗa, ya ce min ga toka.
Na shiga saiti na kwace masa tukwanen launi,
na bar shi da baƙi da ƙannensa biyu.

Ana kiran magariba wuta ta ɗauke.
Alhaji ya tsaya a ƙirji,
hula da gemu sun fito, sauran yana cikin inji.
Na zauna da rabin mutum a duhu,
ruwan damina yana dukan kwano,
takarduna suna shan laima a kan kanta
har gefensu ya lanƙwashe kamar ganyen da ya kwana a huhu.
Da wuta ta dawo, kan injin ya gogi kumburin,
ya ja baƙin dasashi a kan hular.
Wannan laifina ne, ba nasa ba.
Takarda ma tana son a rufe ta.

Na buɗe sabon ƙunshi. Na gaya wa injin gaskiyar takardar,
don da na ce masa mai shan tawada ce, alhali mai sheƙi ce,
shi ya sa inuwa ta cushe.
Bugu na bakwai ya fito tas.
Saƙar hula, zare-zare. Jijiyar hannu.
Saura layi ɗaya tak a kuncin hagu, a karkace.
Na ce kai ma bi 'yan'uwanka,
na share shi a kwamfuta, na buga na takwas,
na kwanta ina yabon kaina.

Da hantsi Adiza ta zo.
Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi.
Ta daɗe.
"Ya yi kyau," in ji ta. "Amma ina billensa?
Da shi nake gane shi cikin taron Idi
tun ban kai gwiwarsa ba."

Na tsuguna gaban kwandon shara
ina ɗaga ɓatattun jiya ɗaya bayan ɗaya,
kore, rabi, mai dasashi,
ina neman na bakwai.