Makullin Saje Ilu

Ni tela ne a Kurna, bakin titi.
Shekara shida ina buɗe shago da sassafe
in tarar da kwali a naɗe a jikin bango,
an share ƙofar shagon tas, har da ta maƙwabci.
Mai kwalin ba ya roƙo.
Saje Ilu, in ji masu shayi.
Ya ga Laberiya, ya ga Saliyo,
ya dawo da kunne ɗaya mai ji
da fayil ɗin fansho da ruwa ya ci rabinsa.

Ran da tayar tirela ta fashe gaban mai faci
na ga dattijo rub da ciki a cikin kwata,
hannunsa na lalubar bindigar da babu.
Yara suka tuntsire da dariya.
Ni ma, Allah Ya yafe mini, na murmusa.
Yinin nan zare ya ƙi shiga allura.

Bayan isha'i na je wa Mai Unguwa Sallau.
Ya ce, ai wannan na gwamnati ne.
Na ce, gwamnati tana nesa, ranka ya daɗe,
ruwan sama kuwa a Kurna yake sauka.
Ya daɗe yana jan carbi,
sannan ya ce a kira mutane.

Taron bai yi daɗi ba.
Alhaji Gambo mai bulo ya ce
soja ya taɓa marinsa a shingen hanyar Katsina,
har yau kuncinsa bai huce ba.
Tabawa mai ƙosai ta ce daga bakin zaure:
wannan ɗin ne ya mare ka?
Shiru.
Bulo ɗari biyu ya bayar, yana ƙunƙuni.

Akwai ɗakin injin niƙa da ya zama gidan ɓeraye.
'Yan adaidaita sahu suka yi karo-karon kwano,
Nafi'u mai walda ya ƙera ƙofa, kuɗi sai an samu,
matan adashi suka sadaukar da kwasa guda,
katifa, buta, fitila.
Rumasa'u 'yar Liman, mai karatun lauya,
ta lallaɓa fayil ɗin takarda-takarda
ta bi ofis-ofis har masinjoji suka haddace sunanta.

Saje ya ƙi.
Ya ce bai yi shekara ashirin da biyu yana sara wa tuta
don a wayi gari a yi masa sadaka ba.
Sallau ya ce, wa ya ce maka sadaka? Haya ce.
'Yan sintirinmu ba su san dama da hagu ba,
kai za ka koya musu tsayuwa.

Daren farko bai shiga ba.
Ya shimfiɗa kwalinsa a ƙofar ɗakin
yana gadin katifa.
Na biyu haka, na uku haka.
Na huɗu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Da asuba na leƙa: ƙofa a rufe,
kwalin a waje, ya jiƙe shi kaɗai.

Makullin yana wuyansa yanzu,
a igiyar da lambarsa ta soja ta taɓa rataya.
Fansho bai fito ba.
Watan gobe, in ji Rumasa'u, wata na biyar ke nan.

Jiya ya tsaya ƙam a gaban kekena.
Ya ce, akwai Kofur Bawa a ƙarƙashin gadar Ƙofar Ruwa,
mun sha ruwa a kwalkwali ɗaya,
ɗakin zai ɗauki katifa biyu.
Ya yi jim. Da wasu uku a tashar jirgin ƙasa.

Na ajiye almakashi.
Na ce, bari a yi isha'i mu je wa Sallau,
mu bi ta gidan Gambo, ya fara ƙunƙuninsa da wuri.

Ƙofar shagona ni nake sharewa yanzu.
Ba ta fita kamar da.